Mortal Kombat: Idan Dambu Ya Yi Yawa...

Duk wanda ya taso a Daura lokacin da PlayStation ta farko da ta biyu ke tashe ya san dokar gidan gem: wanda aka kashe shi zai biya kuɗin wasan, sannan ya tashi ya ba na bayansa wuri. A shagon da muke zuwa muna yara, ba nisa da filin Kangiwa, mai shagon ya ƙara wata doka ta biyu, ya rubuta ta da alli a jikin bango: "Ban da Noob, ban da bos." Ranar da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Kai yaro, na gaji da rabon faɗa." Mutumin nan bai taɓa rubuta sharhi ba, amma da na girma na fara wannan aiki sai na gane cewa wannan layi ɗaya nasa ya taɓo babbar matsalar Mortal Kombat gaba ɗaya, wato adalci tsakanin 'yan wasa.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa shafin sharhin fim da gem? Abin da ya haɗa su da yawa. Kamfanin Midway na birnin Shikago a Amurka ne ya fitar da Mortal Kombat na farko a 1992, ƙarƙashin Ed Boon da John Tobias, kuma mutane na gaske aka ɗauka da kyamara suna naushi da shuri, aka zuba hotunansu a cikin na'ura. Johnny Cage ma Jean-Claude Van Damme aka kwaikwaya. Yawancinmu a nan fim ɗin 1995 na darakta Paul Anderson muka fara gani, wanda Robin Shou ya fito a Liu Kang, kafin mu riƙe abin bugawa. Don haka gem ne da aka haifa daga finafinan Cana, ya kuma koma ya haifi nasa finafinan.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi daga gidan dambe na ɗauko shi. Idan ɗan damben Arewa ya sa wa na Kudu ko na Guramaɗa zare, abin da 'yan kallo ke fara dubawa shi ne, shin sa'ansa ne? In ba sa'ansa ba ne, ko an yi kisa ba wanda zai yi masa kari da daɗin rai. Gem ɗin faɗa ma haka yake. Mai kyau shi ne wanda in an kashe ka za ka ce "ya fi ni hannu", ba ka ce "ai don ya ɗauki wane ne" ba. A wurin da wanda aka kashe ke biya, wannan magana ta wuce wasa, domin kuɗin tarar ɗan makaranta ne ke tafiya.

Na farkon, na 1992, mutum bakwai kacal ke cikinsa: Liu Kang, Johnny Cage, Sonya, Raiden, Scorpion, Sub-Zero da wani ɗan ta'adda mai idon ƙarfe da aka sa wa suna Kano, wanda ba shi da wata alaƙa da Kanon Dabo. Naushinsu da shurinsu kusan iri ɗaya ne, abin da ya bambanta su bai wuce dabaru biyu ko uku ba. Scorpion da Sub-Zero ma mutum ɗaya ne aka sauya wa launin kaya, wannan rawaya, wancan shuɗi. Akwai adalci bakin gwargwado, sai dai irin adalcin gidan da kowa ba shi da komai ne. Bayan sati biyu ka gama ganin duk abin da ke ciki.

Na biyu, wanda ya fito a 1993, a ganina shi ne ya fi kama da fim mai kyau a cikin tsofaffin. 'Yan wasa sun zama goma sha biyu, kowa da halinsa: Kung Lao da hularsa mai kaifi, Baraka da wuƙaƙen hannunsa, Kitana da mafitanta. Wasan ba ya gudu da yawa, don haka mai haƙuri da karanta abokin karawa shi ke ci. Ba a rasa fifiko ba, domin Mileena da Jax sun fi Reptile nesa ba kusa ba, amma tazarar ba ta kai wadda gwani zai kasa cikewa da hannunsa ba. Babban laifinsa yana ga wanda ke buga shi da na'ura shi kaɗai: tana karanta abin da ka danna, ta ba ka amsa kafin ƙafarka ta bar ƙasa. Wannan ha'inci ne, kuma ko yaro yana ganewa.

Daga 1995 aka shiga sabon babi. Mortal Kombat 3 ya zo da maɓallin gudu da jerin duka da ake haddacewa, amma ya cire Scorpion da Kitana, abin da ya yi kama da a yi kashi na biyu na fim a bar jarumin a gida. Da suka ga ƙorafi, a shekarar suka fitar da Ultimate Mortal Kombat 3 suka dawo da su. Wannan shi ne na gwanaye, mai sauri, mai buƙatar yatsu. Sai dai shi ma yana da ɗan lele: Kabal, wanda ke wucewa kamar iska ya bar ka kana juwa, ya dawo ya yi maka yadda ya ga dama. Wanda ya ɗauki Sheeva ya gamu da mai Kabal, gara ya fara lalube aljihunsa.

Sai kuma Mortal Kombat Trilogy na 1996, wanda shi ne faifan da ya fi yawo a gidajen gem namu, daga Daura har Mai'aduwa da Zango, shekaru masu yawa bayan fitowarsa. An tattaro 'yan wasa sama da talatin, aka kuma buɗe bosawa huɗu, Goro, Kintaro, Motaro da Shao Kahn, kowa na iya ɗauka. A ido abin burgewa ne. A hannu kuwa, taron yuyuyu ne. Motaro na mayar maka da duk abin da ka jefa masa. Shao Kahn ya buge ka da guduma sau kaɗan jininka ya ƙare. Noob Saibot, wanda sunayen Boon da Tobias ne aka juya baibai, yana da wani hayaƙi da in ya same ka ba ka iya karewa, dukanka kuma ba ya kama shi. Yaron da ya fara zuwa jiya sai ya kashe wanda ya shekara yana koyo. Ga asalin dokar da aka rubuta da alli. Abin da kamfanin ya kasa gyarawa a Shikago, mai shago ya gyara a Daura.

Abin mamaki, cutar nan ta kama fim ɗin ma a daidai lokacin. Mortal Kombat: Annihilation na 1997 ya cusa kusan duk wanda ke cikin gem ɗin, kowa ya fito minti biyu a kashe shi, aka sauya wanda ya yi Raiden da wadda ta yi Sonya, aka kashe Johnny Cage tun a farko. Na 1995 mutum uku ya bi, shi ya sa har yau ake kallonsa. Na 1997 ya bi kowa, ya rasa kowa.

Zamanin PlayStation 2 ya kawo guda uku: Deadly Alliance a 2002, Deception a 2004 da Armageddon a 2006. A nan ɗan wasa na da damar kaucewa gefe, kuma a biyun farko kowa na da salon faɗa uku, biyu na hannu, ɗaya na makami. Deception ya kawo abu ɗaya mai amfani, wato damar katse jerin dukan da ake yi maka, amma ya ɓata lokaci wajen cusa dara da wasan jera duwatsu maimakon gyara faɗan kansa. Armageddon kuwa shi ne ƙarshen tika-tika: mutum 62 a faifai ɗaya. Don su samu wuri sai aka rage salon kowa zuwa biyu, aka riƙa ba wannan salon wancan, aka soke kisan ƙarshe na musamman da aka san kowa da shi, aka ce ka haɗa naka da kanka. Har tseren ƙananan motoci aka saka. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Da za a tambayi wanda ya buga shi ya lissafa halin mutum goma daga cikin sittin da biyun nan, zai yi wuya ya kai.

Midway ta durƙushe a 2009, Warner Bros. ta sayi gem ɗin, Ed Boon ya ci gaba da shi a ƙarƙashin NetherRealm. Fitowarsu ta 2011 ita ce ta dawo wa Mortal Kombat da mutuncinsa. An koma faɗan gaba da gaba kamar da, an rage yawan jama'a, an sa ma'aunin ƙarfi mai gida uku wanda kowa ke tarawa da doka ɗaya: gida ɗaya ka ƙara wa dabararka ƙarfi, biyu ka katse duka, uku ka yi mugun bugun nan da ake nuna ƙashi na karyewa. Labarinsa kuma an tsara shi babi-babi kamar fim, har ya fi wasu finafinan da aka yi da sunansa. Kabal dai bai tuba ba, nan ma yana cikin na sama.

Mortal Kombat X na 2015 ya ba kowane ɗan wasa fuska uku, ka zaɓi wadda ta dace da abokin karawarka, kuma yana da zafi da sauri. Mortal Kombat 11 na 2019 ya sassauta gudun, ya mayar da hankali ga tazara da lissafi, kuma a wurina shi ya fi kusa da adalcin da nake nema. Ƙorafina da shi ɗaya ne: idan jininka ya yi ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, sai a ba ka wani mugun bugu kyauta. Wato lada ake ba wanda aka fi duka. A gidan dambe ba a ƙara wa wanda ya galabaita hannu na biyu. Mortal Kombat 1 na 2023 ya zo da mataimaki da ke shigowa daga gefe ya taya ka, amma da yake bai fito a PlayStation 4 ba, kaɗan ne daga cikin masu buga gem a nan suka san ɗanɗanonsa.

Akwai wani abu da masu sharhin ƙasashen waje ba sa lissafawa. Tun daga 2011, idan aka ga wani ɗan wasa ya fi ƙarfi, kamfanin na aiko da gyara ta intanet. Na'urar da ke shagon unguwa, wadda janareta ke ɗauka kuma ba a haɗa ta da komai ba, yadda aka zuba mata gem ɗin haka zai mutu a cikinta. Saboda haka adalcin da Bature ke yabo sau da yawa bai iso mana ba, kuma har yanzu dokar baki ce ke aiki: ban da wane, ban da maimaita dabara ɗaya.

Ba zan rufe ba sai na ja hankalin iyaye da masu shaguna. Jinin da ke cikin na 1992, wanda a yau zai ba ka dariya, yana cikin abin da ya sa majalisar dattawan Amurka ta yi zama a 1993, aka kafa hukumar tantance gem a 1994. Sababbin kuwa fiɗa ake nunawa filla-filla, kuma an rubuta a jikin kwalinsu cewa na manya ne. Mu da muke cika baki kan tace finafinai, ga yara 'yan shekara takwas can suna kallon wannan da rana tsaka ba mai cewa uffan.

Hukuncina shi ne: a tsofaffi, na biyu ya fi tsari, Ultimate ya fi gwada gwaninta. A sababbi, na 2011 ya fi labari, na 2019 ya fi adalci. Trilogy da Armageddon su ne suka fi jama'a, su ne kuma suka fi rashin gaskiya. Furodusoshinmu da ke jera fuskar jarumai goma sha biyu a fosta, a ƙarshe a rasa wanda labarin ke bi, su ma su duba nan. Shi kuwa mai shagon namu ya daɗe da komawa sayar da kayan waya. Da muka haɗu a bikin Sallar Gani na tuna masa da rubutun allin nan, sai ya yi dariya ya ce, "Ai da ban hana ba, da ku duka Noob za ku ɗauka."