Japananci a Taro Yake Nuna

Jarrabawar da ta fi kowace suna a fagen koyon Japananci ita ce JLPT. An fara ta a 1984, kuma tun 2010 take da matakai biyar, daga N5 na 'yan koyo zuwa N1 na ƙwararru. Tana gwada kalmomi da nahawu da karatu da sauraro, amma ba ta cewa kowa ya buɗe baki ya yi magana. Shi ya sa ake samun ɗalibi riƙe da takardar N3, ya san ɗaruruwan haruffan kanji, yana karanta wasiƙar ofishin gunduma tsaf, amma maƙwabciya ta tare shi da zancen ranar kwashe shara, harshe ya sarƙe. A wannan tsakiyar tafiya ne masu koyo da dama ke sauke kaya. Waɗanda suka iya haɗa kansu su huɗu ko biyar, su mai da zaman mako mako maƙerar baki, sun cancanci yabo, domin sun gane inda gizo ke saƙa.

Hirar Japanawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Malamar harshe Mizutani Nobuko ta bayyana ta da cewa magana ce da mutum biyu ke ginawa tare: mai magana yakan bar jimla a rataye, mai sauraro ya ƙarasa ta ko ya nuna ya fahimta. A kowace gaɓa ana jiran ɗan amshi, wanda suke kira aizuchi: "hai", "ee", "un", "sō desu ne", tare da gyaɗa kai. Idan ka yi shiru a waya kana sauraro da ladabi, can sai ka ji an ce "moshi moshi?", an zaci layi ya yanke. Abin kamar luguden mata ne a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta. Wadda ta yi gaggawa ko ta makara ta ɓata kiɗan. Littafi zai ba ka jerin amsoshin, amma sanin lokacin jefa su sai da abokin magana mai numfashi.

A Japan irin wannan zaman na masu koyo yana da gida. Garuruwa da yawa na da azuzuwan Japananci na 'yan sa kai, a zaurukan unguwa da ake kira kōminkan ko a ofisoshin ƙungiyoyin hulɗa da baƙi, kyauta ko da 'yan kuɗi kaɗan. A 2019 majalisar ƙasar ta yi dokar bunƙasa koyar da Japananci, wadda ta ɗora wa gwamnati da ƙananan hukumomi nauyin wannan aiki. A tebur ɗaya za ka iske ma'aikacin masana'anta daga Biyetnam, da mai kula da tsofaffi daga Filifin, da mai dafa abinci daga Nepal. Babu harshen da ya haɗa su sai Japananci, don haka babu wurin gudu. Malamai biyu, Ikeda Reiko da Tateoka Yōko, sun fitar da littafi a 2007 kan yadda ɗalibai ke koyo daga junansu, kuma tunanin ya samu karɓuwa tsakanin masu koyar da harshen.

Zaman da ya amsa sunansa yana da tsari. Mutum ɗaya ya zo da ɗan labari, misali yadda ta kaya tsakaninsa da likitan haƙori. Sauran ba 'yan kallo ba ne: wajibi ne su yi amshi, su yi tambaya, su tsayar da shi in ba su gane ba. Idan kalma ta ɓace masa, ba a yarda ya ciro waya ba, sai ya kewaya: "abin nan da ake sawa a baki kafin a cire haƙori don kada a ji zafi." Wannan kewaye shi ne rabin ƙwarewa, domin ko ɗan gari haka yake yi. Akwai kuma dabarar da Paul Nation na New Zealand ya yayata: ka ba da labari ɗaya ga mutum uku a jere, na farko cikin minti huɗu, na biyu uku, na ƙarshe biyu. Kafin zagaye na uku in'ina ta ragu, jimlolin sun bi jiki.

Inda taro ya fi nuna amfaninsa shi ne maganar girmamawa, wato keigo. Bahaushe ya san yadda ake ce wa babba "ku" da "ranka ya daɗe", amma a Japananci aikatau ɗin kansa ne ke sauya riga. Tafiya tsakanin abokai "iku" ce. Idan shugaba ne zai tafi, "irassharu". Idan kai ne za ka je wurinsa, "mairu" ko "ukagau". Ci kuwa "taberu" ne, na babba "meshiagaru", naka a gabansa "itadaku". Sannan ga wani juyin: idan baƙo ya bugo waya kamfaninku, shugaban da kake ɗaukakawa a cikin ofis dole ka sauke shi, ka ambaci sunansa ba tare da kalmar girmamawa "san" ba, domin a gaban na waje shi ma ɗan gida ne. Haddar jadawali ba ta isa a nan. Sai an raba matsayi, wannan ya zama shugaba, wancan abokin ciniki, a buga wasan, a sauya kujeru, a sake. Haka ake koyon ƙin gayyata ba tare da an ce a'a ba: "doyōbi wa chotto...", wato "Asabar kam da ɗan...", a bar sauran. Mai gayyata ya riga ya ji amsa, kuma shi ma yana koyon yadda zai janye cikin mutunci.

Kunnuwa da yawa kuma sun fi ɗaya kama kuskure. Japananci na bambanta gajeren wasali da dogo: "obasan" inna ce, "obāsan" kaka. Yana bambanta baƙi ɗaya da mai ruɓi: "kite" zo, "kitte" kan sarki. A karin Tokiyo, "ame" da ya faro sama ya sauko ruwan sama ne, wanda ya faro ƙasa ya hau alewa. Mai jin Hausa yana da jari a nan, tunda kunnensa ya saba raba garin zama da garin tuwo, baba da babba, kukan yaro da kukar miya. Amma mutum ba ya jin nasa bakin sosai. Sai abokin zama ya ce "kaka na ji ka ce", ko a ɗauki muryar a waya a saurara tare, kafin gyara ya shiga.

Taro yana da nasa cutar. Kuskure kan zagaya tsakanin ɗalibai har ya zama kamar daidai, kuma mai surutu ɗaya na iya cinye lokacin kowa. Maganin shi ne agogo da ɗan sa kai Bajapane da ya san aikinsa. Gwani a cikin 'yan sa kai ba ya katse magana. Yana rubuta kurakurai biyu ko uku a takarda, ya kawo su a ƙarshe. Yana amfani da sauƙaƙan Japananci, salon da aka tsara bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, lokacin da baƙi da yawa suka kasa gane sanarwar agaji, sannan yana ƙara nauyi sannu a hankali. Mafi wuya a aikinsa shi ne haƙurin yin shiru yayin da ɗalibi ke laluben kalma.

Ana gane ɗan taron da ya ci gaba da abubuwa uku: yana iya tsayar da Bajapane cikin ladabi ya ce a maimaita masa, yana jefa amshi a gurbinsa ba tare da ya yi tunani ba, kuma yana barin jimla a rataye da gangan, ba don kalma ta ƙare masa ba. Duk ukun ana koyon su ne da wani a gabanka, shi ya sa masu hankali ke neman abokan zama tun kafin su sayi littafi na gaba.