Gari a Inuwar Sarauta: Sharhi a kan Littafin Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe

1.0 Gabatarwa

Duk mai neman tarihin garin da ake kira Suleja a yau ba ya rasa komawa ga aikin Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi, wato Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, wanda aka buga a Zariya a 1952. Frank Heath ya mai da aikin nasu zuwa Ingilishi da sunan A Chronicle of Abuja, kuma a kansa M. G. Smith ya dogara ƙwarai wajen sifanta sarautun Zazzau na kafin jihadi a littafinsa na 1960. Abin takaici, fassarar ta shafe asalin, har manazarta Hausa kansu sukan ambaci Heath su manta da Hausar da aka fassara. Wannan maƙala ta duba yadda littafin ya ɗauki garin a matsayin wuri, da ganuwarsa da hanyoyinsa da sunayensa.

2.0 Zaren Labari

Marubutan sun saƙa labarinsu a kan jerin sarakuna. Muhammadu Makau ya fita daga Zazzau lokacin jihadi, ya sauka Zuba, aka kashe shi wajen Lapai a 1825; ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828; sannan Abu Kwaka, sannan Ibrahim Iyalai, har zuwan Turawa a 1902. A nan littafin ya yi fice, domin 'yan gida ne suka rubuta shi, sun san kowace sarauta da matsayinta a fada.

Sai dai wannan tsari yana da tsada. Ganuwa takan fito ne a matsayin aikin sarkin da ya gina ta, ko abin da ya tare mahara. Ba a tsaya an tambayi hannun wa ya kwaɓa ƙasar ba, alhali garin ya zauna ne a tsakiyar Gwari da Koro da Gade. Haka Mayanka, a kogin Iku, an fi tuna ta da hukuncin sarki fiye da zamanta wani yanki na rayuwar masu ɗibar ruwa da wanki. Hanya ma, a irin wannan salo, ado ce ga zamanin wanda aka yi ta a mulkinsa. Ga shi kuwa babban abin da ya tsara makomar garin a ƙarni na 20 ba sarki ne ya yi shi ba: layin dogon Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya bi ta Minna ya bar Abuja a gefe. Minna ta haɓaka da tasha, Abuja ta zauna da martaba. Jirgin Abuja zuwa Kaduna na 2016 shi ma daga Idu ya tashi. Tarihin da aka auna da shekarun sarauta ba shi da gurbin abin da ya kauce wa gari.

3.0 Sunaye

Ga mai nazarin harshe, nan ne aikin ya fi daɗi. Kalmar Haɓe da ke kan bangon littafin Fulatanci ce, jam'in kaɗo, sunan da Fulani ke ba wanda ba nasu ba. Zuriyar waɗanda aka kora ta ɗauki sunan da mai korar ya raɗa mata, ta mai da shi tambarin asali. Marubutan sun yi amfani da ita ba tare da jin nauyi ba, kuma wannan shaida ce a kan yadda ma'anarta ta sauya a bakin mutanen Abuja, abin da fassara ba ta iya nunawa.

Sunan garin ya fi wannan ban sha'awa. A Abu Ja, kalmar ja sifa ce mai bayyana launin fatar mutum ɗaya. Bayan dokar 1976 ta kafa sabon babban birnin tarayya, aka ɗauke sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. A nan ja ta bar aikinta na sifa, ta zama tamkar ɗafa-ƙeya mai nuna wuri, an ƙera ta bisa kwaikwayon tsohon suna. Illar kuwa a fili take: ɗalibin da ya ga Abuja a littafin 1952 yakan zaci birnin tarayya ake nufi, kamar yadda ake danganta tukwanen Ladi Kwali da cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950 ga birnin da ba a haifa ba a lokacin.

Saboda haka sabon bugu na matanin Hausa, da bayanin sunayen ƙofofi da unguwanni daga bakin dattawan Suleja, aiki ne na sassan harsunan Nijeriya kafin ragowar ganuwar ta shige ƙarƙashin gine-ginen ma'aikatan da ke kwana a Suleja suna aiki a Abuja.