Gwanintar Makiyayi, Daga Tsafe Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

A watan Maris, tsakanin Gusau da Tsafe, ƙasa ta bushe ƙayau, harawa ta ƙare, karan dawa ma saura kututture. Duk da haka sai ka ga Bafulatani ya kora jajayen Rahaji da fararen Bunaji, suna tafe da ƙarfinsu. Ilimi ne ya riƙe su.

Gwanin makiyayi ya san abin da kowane lokaci ke bayarwa. Da kaka yakan sauka a gonar da aka girbe, shanu su ci kara su bar wa manomi taki. Rani ya tsananta, sai ya nufi gindin gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, yana zubar da 'ya'ya masu ƙosarwa. Yana gangarawa bakin Kogin Sakkwato ta wajen Bunguɗu, amma yana kauce wa kwantaccen ruwan fadama saboda ciwon hanta. Da asuba yakan dubi kashin saniya da yadda take tuƙa, ya gane wadda ba ta da lafiya tun ba ta kwanta ba. Ya san ranar ba su kanwa, ya kuma san ɗanyar ciyawar farkon damina na sa zawo da kumburi.

Irin wannan basira ce ke raya mutanen Sami a arewacin Norway, Suwidin da Finlan, da 'yan Nenets na Rasha, masu kiwon barewar ƙanƙara. Ita ma tana tuƙa kamar saniya, sai dai mace da namiji duk suna da ƙaho mai rassa, kuma kowace shekara yakan faɗi wani ya tsiro. Da hunturu abincinta wata irin gansakuka ce mai yalwa a ƙasa. Tana sansano ta daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta tone da faffaɗan kofatonta. Makiyayin can yakan soka sanda ya ji taurin dusar, domin idan ruwa ya sauka a kanta ya daskare, kofato ba ya iya fasawa. Hakan ya faru a yankin Yamal na Rasha a hunturun 2013 zuwa 2014, dabbobi kimanin 61,000 suka mutu da yunwa.

Can da nan, ba a aji ake koyon wannan ba. Yaro na bin baffansa ne shekara da shekaru har idonsa ya buɗe. Shi ya sa satar shanu da toshewar burtali a Zamfara suka wuce asarar dukiya: duk rugar da ta watse, akwai sanin daji da ya rasa magaji. Kare burtali da mashaya, kare wannan ilimin ne.