Wa'azin Ƙana'a da Rumbun Manomi: Tsokaci a Kan Karantar da Tattalin Dukiya a Yankin Bakolori

Wa'azin da aka saba ji game da tattalin dukiya, a majalisun tafsirin Ramadan da huɗubobin Juma'a, ya fi karkata ga tsoratarwa daga almubazzaranci da kwaɗaitarwa ga ƙana'a. Hujjarsa ingantacciya ce, domin aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, kuma aya ta 27 a Suratul Isra'i ta danganta mubazzarai da shaiɗanu. Sai dai idan aka auna wannan wa'azi da rayuwar manomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, za a tarar ya ɗauki rabin mas'ala ya bar rabi.

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato, an kammala ta a 1978. Tafkinta ya cinye gonaki da ƙauyuka, kuma takaddamar diyya ta kai ga kisan da 'yan sanda suka yi wa manoma a watan Afrilun 1980. Noman rani da ya biyo baya yana cin kuɗi tun kafin a ga tsiro: iri, takin zamani, maganin feshi, kuɗin ruwa da ladan 'yan ƙwadago. Manomin da ba shi da jari yakan ci bashi ya shuka shinkafa, ya sayar da ita ranar girbi lokacin da farashi ya faɗi domin ya biya, sannan ya sayi hatsi da tsada a tsakiyar damina. Nan ne babbar kafar da dukiyarsa ke zurarewa. Mai wa'azin da ya tsaya ga kushe tsadar lefe da hidimar biki ya faɗi gaskiya, amma bai taɓo wannan kafa ba.

Abin lura shi ne nassosi da littattafan magabata sun fi wannan wa'azi faɗi. Shawarar Annabi Yusuf (AS) a aya ta 47 ta surarsa ita ce a bar hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari, wato darasin rumbu. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara, abin da ke nuna tanadi ba ya cin karo da tawakkali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasib domin kwaɗaitar da mutane ga sana'a da wadatuwa daga hannun jama'a. Ita ma shari'ar zakka ta yi la'akari da wahalar ban ruwa, inda ta wajabta ushiri a abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri kuma a abin da aka shayar da ɗawainiya. Haka cinikin salam, wanda ake biyan kuɗi gaba ɗaya a karɓi amfani daga baya da awo sananne da ajali sananne, hanya ce ta halal ga manomi mai neman jari.

Saboda haka gyaran da wannan wa'azi yake bukata a fili yake. Ya kamata malami ya koya wa manomi ware abincin gida kafin ya kai buhu kasuwa, da rubuta bashi kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, da bambance salam daga bashi mai ruwa, da sharuɗɗan adashi mai tsafta. Ya kuma juya ga mai kuɗin da ke jiran ranar girbi ya karya farashi, da hukumar zakka da waƙafi ta jiha, wadda bashi marar ruwa daga gare ta zai iya tsare rumbuna masu yawa. Ƙana'a halin zuciya ce mai daraja, amma idan aka riƙa karanta ta ga wanda bashi ya kwashe wa rumbu, ba tare da an nuna masa mafita ba, za ta zama nauyi a kan mai rauni, kuma sassauci ga wanda ya cuce shi. Allah ne Mafi sani.