Kwana Arba'in a Layi Biyu

Duk mai bin littattafan da ake saki shafi-shafi a Wattpad da zaurukan WhatsApp ya san wurin da za mu yi magana a kai. Jaruma ta sha wahala, an yi aure, ciki ya shiga, ta sauka lafiya. Ranar suna za a ba mu shafi uku cur: leshin da maijego ta saka, ragunan da aka yanka, motar da angon ƙarni ya danƙa mata. Daga nan sai a ce ta tafi gida wanka. Kafin mu gyara zama har an yi arba'in, ta yi ƙiba ta yi haske, an mayar da ita ɗakinta da gara.

Mu da sana'armu rubuta manhaja ce mun saba zargin duk inda aka wuce da sauri, don galibi nan matsalar take kwance. Kwanakin nan arba'in su ne karo na farko da uwa da 'yarta suke zama ɗaki ɗaya dukkansu iyaye, amma marubutanmu sun mayar da su hanyar wucewa.

Idan ma an tsaya, aiki biyu ake ba kakar. Ko dai ta zama maigadi, tana korar miji duk lokacin da ya laɓaɓo da dare da ledar kaza, mu yi dariya, ko ta zama mai haɗa kayan gyaran jiki. A duka biyun mijin ake yi wa hidima. Jaririn kansa ado ne, sai an so hoto ake ɗauko shi.

Alhali rigimar gaske tana nan cikin ɗakin. 'Yar ta je awo, an ce mata nono zalla har wata 6, ko ruwa kar a ba shi, kuma kar ta zubar da dakashi. Uwar ta raini bakwai da ruwa da zuma da tofi, ga su nan sun girma. 'Yar ta karanta a wayarta cewa kanwa da tafasasshen ruwa suna da illa, kuma ba ƙarya ta karanta ba: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. To amma wace 'ya ce za ta kalli matar da ta tashi tun kafin asuba ta hura icce, ta tafasa ganyen darbejiya, ta ce mata "Inna, wannan cutarwa ce"? Abin da Inna za ta ji shi ne an ce tarbiyyar da ta yi kuskure ce tun daga tushe. Yawanci 'yar shiru take yi, ta karɓi kofin, ta zubar da rabi a bayan gida. Wannan ɗan ƙaramin ha'incin ya fi mana duk makircin kishiya da muka karanta bana nauyi, kuma ba mu gan shi a shafi ba.

Akwai wani abin da ya fi wannan zurfi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta yi bayanin kunyar ɗan fari, ita da ba ta taɓa haihuwa ba. Har yau akwai gidajen da uwa ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta jan ta a jiki a gaban mutane. Sai ga wannan 'yar ta dawo da jariri. Matar da ta yi shekara ashirin da wani abu tana kawar da kai ita ce yanzu take gasa mata jiki da hannunta, ita ce take rungume jika tana kiran sa mijinta, ko ta ce kishiya ta zo ƙwace mata maigida. Al'ada ta hana ta nuna so a wuri ɗaya, ta buɗe mata ƙofa a wani. Yaya 'yar take ji tana kallon ana zuba wa ɗanta abin da ita ba ta samu ba? Daɗi ne, ko wani abu mai kama da kishi da ba ta da bakin faɗa?

Ba mu ce a mayar da labari takardar asibiti ba. Mun ga masu gwada hakan, inda wata likita take shigowa ta yi wa tsohuwa lacca, tsohuwa ta tuba nan take. Wannan ma tsallakewa ne, don babu uwar da take sauka daga ra'ayinta a sakin layi ɗaya.

A gidanmu, lokacin da yayarmu ta zo wankan fari, ita da mahaifiyarmu sun yi kwana uku ba sa magana sai ta kan jariri, saboda ruwan zam-zam da aka ɗiga masa a baki. A dare na huɗu muka ji tsohuwar tana tambayar ta, murya ƙasa-ƙasa, ta nuna mata a wayar inda aka rubuta maganar wata shidan. Ta sa aka karanta mata sau biyu. Ba ta ce komai ba, da safe kuma ta dama kunun, kanwar dai ta rage.