Kalmar ingilishi electrolier: gyara ga bayanin ƙamusoshi

Wasu ƙamusoshin ingilishi suna bayyana asalin electrolier a layi guda: electric da chandelier, an datse su an haɗa. Da haka suke sanya ta cikin jerin kalmomin da Lewis Carroll ya laƙaba wa suna portmanteau a 1871, waɗanda a faransanci ake kira mots-valises. A ganinmu wannan bayani ya tsallake mataki guda.

Electrolier ta bayyana a farkon shekarun 1880, jim kaɗan bayan ƙwan lantarkin Edison na 1879. Amma kafin nan, tun tsakiyar ƙarni na 19, Ingilawa suna da gaselier, wadda ake kuma rubutawa gasolier, sunan fitila mai rassa da ake ratayawa a rufin ɗaki, mai aiki da iskar gas. A nan ne aka fara yankan. Wanda ya ƙiro electrolier ya tarar da tsari a ƙasa, kwaikwayonsa kawai ya yi. Ita ma electro- ba guntun electric ba ce da aka datse don wannan buƙata: tsohuwar ɗafa-goshi ce ta masana kimiyya, tana cikin electrolyte da Faraday ya yi amfani da ita tun 1834.

Inda aka yanka ɗin ma ya cancanci nazari. A faransanci chandelier saiwa ce, chandelle, daga candela ta latin, sai ɗafa-ƙeya -ier, kamar a encrier ko pommier. Harafin l na saiwa ne. Kunnen Ba'ingile bai jin chandelle a ciki, don haka ya ɗauke -lier ɗungurungum, ya ba ta ma'anar “fitilar ratayawa” wadda ba ta taɓa ɗauka ba. (Kyandir ɗinmu, ta hanyar candle, daga wannan candela ɗin ta fito.)

Ɗalibanmu da suka yi karatu da faransanci su kula: chandelier a Faransa mazaunin kyandir ne da ake ajiyewa a kan tebur, ta ratayawa kuwa lustre ce. Ma'anar ingilishi ce ta shiga gaselier da electrolier. Wanda ya fassara su da ta faransanci zai sauke fitilar daga rufi.

Da lantarki ya game gidaje, bambancewar ta rasa amfani. Chandelier ta koma ta rufe duka, electrolier kuma ta rage a bakin masu sayar da kayan da da masana tarihin gine-gine.