Jan Kan Nan Ba Fure Ba Ne

Idan kana kallon hotunan masu tara shuke-shuken tukunya a Facebook, ko ka tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi, za ka ga wani ɗan kaktus kore mai jan kai ko rawaya. Shi ake sawa a gaba, a ce ya yi fure. To, ba fure ba ne. Tsirrai biyu aka haɗa. Na saman, Gymnocalycium, ba shi da koren sinadarin da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, shi ya sa aka ɗora shi a kan wani ya riƙa ciyar da shi. Haɗin ba ya ƙarko, bayan 'yan shekaru yake lalacewa. Wani kaktus ɗin ma busasshen fure ake liƙa masa da gam.

Abin da nake suka a yadda muke tara waɗannan tsirrai shi ne, launi muke bi, ba ma tambayar mene ne a tukunyar. Duk mai kauri da ƙaya sai a ce kaktus. Alhali kaktus ɗan nahiyar Amurka ne. Nau'i ɗaya kacal, Rhipsalis baccifera, ake samu a dazukan Afirka tun asali. Ka duba gindin ƙayar: a kaktus, ƙaya da fure daga wani ɗan tudu mai gashi kamar auduga suke fitowa. Tinya da kerana ba su da shi. Dangin Euphorbia ne, in ka karya su farin ruwa kamar nono ke fita, wanda ke ƙona fata, ya kuma iya illata ido. A gidan da ke da yara, kuskuren suna ba ƙaramin abu ba ne.

Ba ina cewa na waje ba su da kyau ba. Furen kaktus na gaskiya abin kallo ne, wani da dare yake buɗewa, kafin hantsi ya yi yaushi. Amma me ya sa tarin mutumin Kazaure ko Roni, mai zaune tsakiyar duwatsu da tsakuwa, zai rasa kariya? Ita ce Adenium obesum, wadda masu lambu a Tailan ke ta fito da sabbin launukanta suna sayar wa duniya. Tana tara ruwa a kumburarren gindinta, ta zubar da ganye da rani, sannan ta cika da fure ja mai sirkin fari lokacin da ciyawa duk ta bushe. Sai dai ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, har kibiya an shafa wa, don haka a nisanta ta daga yara da awaki.

Ga kuma karan masallaci, Caralluma dalzielii, mai ɗauke da sunan Dalziel, likitan da ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Furensa mai duhu warin ruɓaɓɓen nama yake, da shi yake janyo ƙudaje su kai masa garin fure daga wani zuwa wani. Wannan labarin ya fi jan kan kanti armashi.

Kulawarsu ba wuya: tukunyar ƙasa mai huda a gindi, yashi irin na jigawar Babura a gauraya da tsakuwa, rana sosai, ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. Yawan ruwa, musamman a Agusta, shi ke ruɓar da saiwa.

Amma kar sha'awa ta kai ka tono a dawa. Binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna kashi 31 cikin 100 na nau'o'in kaktus na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tonon masu tarawa na cikin manyan dalilai. Kar mu yi wa namu haka. Ka roƙi reshe wurin maƙwabci, ka bar yankan ya bushe kwana biyu-uku a inuwa, sannan ka dasa.